Ɗana mai otizim ya daina zuwa lakca: lalaci ne ko ciwon damuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 20, yana aji biyu a jami'a, yana karanta kimiyyar kwamfuta. Tun yana firamare likitoci suka ce yana da otizim, abin da wasu ke kira galahanga, amma nasa bai hana shi magana ko karatu ba, har ya fi 'yan'uwansa ƙoƙari. Ajin farko ya yi shi lafiya. Bana kuwa ya daina zuwa lakca, kullum yana ƙunshe a ɗaki, ya rame, ya faɗi kwas uku. In na kira shi ba ya ɗagawa, in ya ɗaga sai ya ce "lafiya lau". Mahaifinsa ya ce lalaci ne, dangi sun ce a nemi masu ruƙiyya. Mu cire shi daga makarantar ne, ko akwai magani?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya kwantar miki da hankali.

Ki fara cire maganar lalaci daga ranki. Malalaci yakan guje wa abin da ba ya so ne don ya tafi wurin abin da yake so, kuma lalaci ba ya ramar da mutum. Yaron da ya ci jarrabawar shiga jami'a, ya gama shekara guda da sakamako mai kyau, sannan ya koma ɗaki ya ƙunshe har nama ya zube masa, akwai abin da ya fi ƙarfinsa. Ko mene ne, sai likita ya gan shi ido da ido zai tabbatar, amma abin da kika bayyana sanannen abu ne ga masu wannan aiki. A 2019 Matthew Hollocks da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi kan manya masu otizim, akasari a Turai da Amurka, suka samu cewa kusan kashi 42 cikin 100 sun taɓa fama da ciwon fargaba a rayuwarsu, kusan kashi 37 kuma sun taɓa fama da ciwon damuwa. Wannan ya zarce abin da ake gani a sauran jama'a nesa ba kusa ba. Shi otizim ɗin halitta ce, da shi aka haife shi, kuma da shi ya yi ƙoƙarin da kika ambata. Fargaba da damuwa su ne suka hau kansa daga baya, su ne kuma ake yi wa magani.

Amma kafin magani, ina so ki shiga ɗakin da yake kwana, ko da a zuci ne. A yawancin jami'o'in gwamnati ɗakin da aka gina don mutum huɗu za ki tarar da takwas ko fiye, da masu gado da masu raɓe. Wani yana soya manja a kan risho a bakin ƙofa, wani ya saki wa'azi a waya ba abin kunne, wasu biyu suna musun ƙwallo har ƙarfe ɗaya na dare, ƙwan lantarki a kunne saboda wani yana karatu. Wani ya ɗauki bokitinsa bai tambaya ba, wani ya zauna masa a gado. Sauran yaran suna jin haushin wannan, amma ƙwaƙwalwarsu tana iya tace hayaniyar ta tura ta gefe. Da yawa daga masu otizim ba su da wannan matatar: ƙara da wari da haske da taɓawa duk suna shigowa da ƙarfinsu a lokaci guda. Gari ya waye ya nufi ɗakin lakca mai ɗaukar ɗaruruwa, lasifika tana ƙugi, ana turereniya a ƙofa. A gida, in ya dawo daga sakandare, yana da lungun da zai shiga ya huce. A nan babu sa'a ɗaya a yini da zai kasance shi kaɗai.

Sai rashin tabbas, wanda a ganina shi ne babban makamashin fargabar masu otizim. Masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun nuna cewa wahalar jure rashin sanin abin da zai faru tana daga cikin manyan hanyoyin da otizim ke kaiwa ga fargaba. To ki auna wannan da yadda karatu ke tafiya a wurinmu. Ƙarfe goma na dare wakilin aji zai turo saƙo a WhatsApp cewa an mayar da lakcar gobe ƙarfe bakwai na safe, a wani ɗakin daban. A je a zauna malami bai zo ba. Wata rana ya shigo ya ce a fito da takarda, gwaji za a yi. Jadawalin jarrabawa ya fito, a canza shi sau biyu. Kan wannan kuma ga yajin aiki, irin na ASUU na 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wanda in an dawo sai a matse zango a gama shi a guje. A sakandare ƙararrawa ce ke gaya masa abin da zai yi daga safe har la'asar, a gida kuma ke ce ke tuna masa abinci da wanka da barci. Duk wannan tsari ya ɓace rana ɗaya.

Na uku shi ne wanda iyaye ba sa gani, wato ɓoye kai. Al'adarmu tana rufa wa yaro mai otizim asiri yana ƙarami ta wata fuska: in bai kalli babba cikin ido ba sai a ce ladabi ne, in yarinya ba ta da surutu sai a ce kunya gare ta, shi ya sa ma 'yan mata da yawa ba a gano nasu sai sun girma. Amma cikin tsara abin ya sha bamban. Zaman majalisa da zolaya da habaici da wasan taubasai duk magana ce da ake faɗin wani abu ana nufin wani, shi kuwa yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta. Don kada a ce masa wawa ko mai girman kai, sai ya haddace yadda ake dariya da lokacin da ake yin ta, ya tilasta wa kansa kallon ido, ya danne kaɗa ƙafa ko murza yatsu da ke kwantar masa da hankali. Yana yin wannan daga safe har dare. Kamar taransifoma ce da aka ɗora wa unguwa uku: za ta ja na wani lokaci, kowa yana ganin wuta, ran da ta buga sai a ce ai jiya lafiyarta ƙalau. Ajin farkon da kika ce ya yi lafiya, mai yiwuwa da wannan tsadar ya yi shi. Kuma rashin fahimtar ba daga gefensa kaɗai take ba. Damian Milton, wani masani ɗan Birtaniya wanda shi kansa yana da otizim, ya yi bayani a 2012 cewa yadda mai otizim ke kasa karanta mutane, haka su ma suke kasa karanta shi, sai dai shi kaɗai ake ɗora wa laifin.

A nan ne likita zai yi aikin da ya fi kowanne muhimmanci, domin abu biyu ne masu kama da juna, maganinsu kuma ya saɓa. Akwai ciwon damuwa na ainihi: baƙin ciki ko mutuwar zuciya kusan kullum har mako biyu ko fiye, abin da yake so ya daina yi masa daɗi, yana ganin kansa ba shi da amfani, ya zama kaya a kan iyayensa. Akwai kuma ƙarewar ƙarfi irin ta masu otizim, wadda Dora Raymaker da abokan aikinta a Amurka suka bayyana a 2020 daga bakin masu larurar kansu: gajiya mai tsanani da takan ɗauki wata uku ko fiye, abubuwan da mutum ya iya a da su gagare shi, har wanka ko amsa waya ko haɗa jimla, sannan ƙara da hasken da yake jurewa a da su zama azaba. Hanya mai sauƙi ta fara rarrabewa ita ce ki duba abin da ya fi ƙauna. In har yanzu idan an bar shi shi kaɗai da kwamfutarsa yana nutsewa cikinta yana samun sauƙi, mutane da hayaniya ne ba ya iyawa, to ya fi kama da ƙarewar ƙarfi. In ita ma kwamfutar ya rufe ta ya ce ba ta da amfani, damuwa ta shigo. Mai ciwon damuwa ana lallaɓa shi ya fito, ya motsa, ya shiga mutane kaɗan-kaɗan. Wanda ƙarfinsa ya ƙare in aka yi masa haka ƙara dulmiya shi ake yi. Shi hutu yake buƙata, da shiru, da rage kaya. Sau da yawa kuma duka biyun suna tare, ɗaya ya jawo ɗaya.

"Lafiya lau" ɗin da yake ce miki ba lallai ɓoye miki yake yi ba. Kusan rabin masu otizim suna da wahalar gane abin da ke cikin ransu da sa masa suna. Zai iya gaya miki cikinsa na murɗawa, ƙirjinsa na bugawa, kansa ya yi nauyi, amma bai san sunan wannan fargaba ba. Don haka tambayar "me ke damunka?" ta yi masa faɗi. Ki daina kira, ki koma rubutu, domin da yawansu sun fi iya bayani a rubuce, ba murya ba fuska ba gaggawa. Ki yi tambaya ƙarama mai amsa ɗaya: "Jiya ƙarfe nawa ka yi barci?" "Yau sau nawa ka ci abinci?" "Daga 0 zuwa 10, gajiyarka nawa ce yau?" "Wanne ya fi wuya, ɗakin kwana ko ɗakin lakca?" Ki tura ɗaya ki jira, ko da sai gobe zai amsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in aka tambaye shi ta hanyar da zai iya amsawa.

Akwai tambaya ɗaya da ba a jinkirta ta, kuma na san tana da nauyi a bakin uwa. Ki tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Da waɗannan kalmomin, ba da kewaye-kewaye ba, don in kika ce "kana tunanin wani abu marar kyau?" zai iya ɗauka sata kike nufi. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, bincike ya sha tabbatar da haka. Dalilin da ya sa nake matsa miki: a wani bincike da Sarah Cassidy da abokan aikinta suka wallafa a 2014 kan manya 374 da aka gano suna da wannan larura a wani asibiti a Ingila, kashi 66 cikin 100 sun ce sun taɓa tunanin kashe kansu, kashi 35 sun taɓa shiryawa ko gwadawa. Wani babban bincike a Suwidin a 2016 ya nuna haɗarin mutuwa ta wannan hanya ya ninka na sauran jama'a sau bakwai da wani abu, kuma ya fi yawa ga waɗanda otizim ɗinsu bai zo da raunin fahimta ba, irin ɗanki. In ya ce e, kada ki fara da "haramun ne" ko kuka ko faɗa. Ya san hukuncin, abin da zai koya daga faɗan kawai shi ne kada ya sake gaya miki. Kada kuma fuskarsa ta yaudare ki, yana iya faɗin wannan magana da murya irin ta mai ba da labarin farashin shinkafa, alhali da gaske yake. A ranar wani ya je ya ɗauko shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai, a wuce asibiti. Haka nan in ya daina ci da sha, ko jikinsa ya riƙa sandarewa ya tsaya cak ba motsi ba magana, shi ma ba na jira ba ne.

Inda za a je ya danganta da garinku. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai asibitin Dawanau a Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kawai a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, don haka layi yana da tsawo, lokacin ganawa gajere. Ku tafi da shiri: takarda ɗaya da ke ɗauke da yadda yake a da, abin da ya canza, da watan da ya fara, shi ma ya rubuta nasa. Ku faɗi maganar otizim tun farko. Ku nemi a duba jiki ma, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kwaikwayon damuwa, farfaɗiya kuma ta fi yawa a masu otizim. Likita zai tambaye shi ko yana shan wani abu don ya samu barci ko ya iya shiga mutane. Ki ba su wuri su yi wannan maganar ba kya nan.

Maganin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, musamman wanda ake kira CBT, wato koyon gyara tunani da ɗabi'a, amma sai an gyara shi ya dace da shi. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta faɗi irin gyaran tun 2012: a yi bayani a fili ba da karin magana ko misalai masu harshen damo ba, a yi amfani da rubutu da zane, a fi mayar da hankali kan abin da zai aikata maimakon dogon tonon zuciya, a riƙa ba da hutu a tsakiyar zama, a shigo da abin da yake sha'awa, a sa wani na gida in ya yarda. In mai ba da shawarar ya ɗauki aikinsa shi ne koya masa kallon ido da zaman majalisa don ya zama kamar kowa, ku canza shi, domin ƙarin ɓoye kai yake koya masa, abin da ya kai shi ƙasa tun farko. Ƙwayoyi kuma suna da wurinsu in damuwar ko fargabar ta yi tsanani. Babu ƙwayar da ke warkar da otizim, duk wanda ya ce yana da ita kuɗinku yake so. Na damuwa irin su fluoxetine da sertraline sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsu sosai, likitoci kan fara da kaɗan don masu otizim sukan fi jin illa, kuma ga 'yan ƙasa da shekara 25 ana sa ido sosai a makonnin farko saboda tunanin cutar da kai yana iya ƙaruwa kafin sauƙi ya zo. Ba a daina su kwatsam. Ki riƙe maganin a hannunki ki riƙa ba shi na 'yan kwanaki in akwai wannan haɗarin. Ƙwayar barci ta kemis kuwa, irin su diazepam, a yi nesa da ita, kama jiki take yi.

Game da dangi, ba sai kin yi faɗa da kowa ba. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa karo da asibiti, kuma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. In shi yana samun natsuwa da karatu a hankali, da tsarin salloli biyar da ba ya canzawa, wannan ma taimako ne. Abin da ba za ki yarda da shi ba shi ne a taru a kansa ana ihu a kunne, ana turnuƙe shi da hayaƙi, ana danne shi ko duka. Yaron da ƙara ke yi wa ciwo in aka yi masa haka dole ya yi ƙara ya fizge, sai a ce ga aljanin nan ya fito, a ƙara. Kada kuma a kai shi gidan mari da sunan gyaran hali. Ba a manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019 ba, inda suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa.

Yanzu makarantar. In an yi masa magani aka mayar da shi wannan ɗakin da wannan jadawalin ba tare da an canza komai ba, zai sake faɗuwa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin karatu ba tare da wariya ba, kuma ba ta tsaya kan larurar da ido ke gani kaɗai ba. Amma a aikace abin da ke buɗe ƙofa shi ne rahoton likita, da takarda gajera, da malami ɗaya mai kirki, galibi kodinetan aji ko shugaban sashe, tare da ofishin kula da harkokin ɗalibai da cibiyar ba da shawara ta jami'ar. Kada takardar ta ce "a taimaka masa" kawai, ba wanda zai san me zai yi. Ta lissafa: a ba shi ɗaki mai mutum ɗaya ko biyu, a bar shi ya zauna a gaba kusa da ƙofa ya fita in ya cika, a bar shi ya naɗi lakca a waya, a rage masa yawan kwas a zango, a ba shi ƙaramin ɗaki da ƙarin lokaci a jarrabawa, aikin rukuni kuma a yanka masa nasa kason a rubuce. Wasu za a ba ku, wasu za a hana. In ɗakin bai samu ba kuma da hali, ɗaki ɗaya a wajen makaranta kusa da ƙofa, shi kaɗai ko da ɗan'uwa mai shiru, ya fi duk wani abin da za ku kashe wa kuɗi amfani. Abin toshe kunne ba shi da tsada. A samu ɗan ajinsu guda mai amana wanda aikinsa kawai ya tura masa saƙo kai tsaye in an canza lokaci ko wuri, don saƙo ɗari uku na zauren aji ba ya iya bin su. Sai dai duk wannan da yardarsa za a yi. Shekararsa 20, shi ne zai zauna da waɗannan mutane, shi zai zaɓi wanda za a gaya wa da abin da za a faɗa.

Cire shi gaba ɗaya ban ba ki shawara ba, barinsa haka ma ban ba ki ba. Jami'o'i suna da tsarin jingine karatu na zango ko shekara saboda rashin lafiya. A nema a rubuce ta hannun shugaban sashe, da rahoton likita wanda asibitin jami'ar ya amince da shi, a karɓi takardar amincewa a ajiye. Yaran da ke rasa gurbinsu galibi waɗanda suka tafi gida shiru ne, aka rubuta musu rashin zuwa jarrabawa har makinsu ya faɗi ƙasa da abin da ake yarda. In ya dawo gida, makonnin farko a bar shi ya yi barci, ya zauna da kwamfutarsa, kada a tura shi shago ko a riƙa fito da shi gaishe da baƙi. Lokacin abinci da na kwanciya dai su tsaya a wuri ɗaya kullum. Daga baya a ɗora abu ɗaya-ɗaya, tafiyar ƙafa da yamma, sannan karatun kwas guda cikin ukun da ya faɗi. Ranar komawa a sa ta tare da shi da likita, a je a ga ɗakin da hanyar ajin tun kafin a buɗe makaranta.

Mahaifinsa kuma, kada ki tsaya musu da shi a kan lalaci ne ko ba lalaci ba. Ki roƙe shi shi ya kai yaron ganin likita na farko, ya zauna a yi bayanin a gabansa, kuma shi ya sa hannu a takardar da za a kai wa shugaban sashe.